DARASIN DAMINA: Abin Da Birnin Kisumu Zai Koya Wa Mai Kiwon Kifi Da Kaji



Duk shekara da ruwa ya sauka sai koke-koke su yawaita. Wannan ya ce an kwana ana ruwa, gari na wayewa ya tarar kifinsa sun taso sama suna hamma. Wancan ya ce kajinsa sun fara zawon jini sati biyu da faɗuwar damina. Wata ta ce buhun abincin da ta saya da tsada ya dunƙule, ya yi funfuna. Kowa sai ya ɗora wa ruwan sama laifi. Alhali da wuya ruwan sama shi kaɗai ya kashe kifi ko kaza. Abin da ke kisan shi ne abubuwan da ruwan ke sauyawa: iskar da ke cikin ruwan kifi, bushewar shimfiɗar kaji, ɗumin ɗakin 'yan tsaki, da lafiyar abincin da ke sito. Duk waɗannan kuwa ana iya yi musu tanadi tun hadari bai haɗo ba.

Domin mu gane yadda abin yake, yau za mu leƙa wani birni a ƙasar Kenya mai suna Kisumu. Mun zaɓe shi ne saboda gari ne na bakin tafki da ake ruwa kusan kowane wata, kuma ana kiwon karfasa da kaji sosai a kewayensa. Abin da mu muke fama da shi wata huɗu, su shekara suke yi a cikinsa. Ku biyo mu a hankali, darasin yana da ɗan tsawo.

1. INA NE KISUMU?

Kisumu tana yammacin Kenya, a bakin Tafkin Biktoriya, tafkin da ya fi kowane girma a Afirka, wanda Kenya da Yuganda da Tanzaniya suka yi tarayya a kansa. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 68,000. Tana ɗaya daga cikin manyan biranen Kenya. Asalinta tashar jiragen ruwa ce. A shekarar 1901 layin dogo da ya taso daga Mombasa ya iso nan, ana sauke kaya daga jirgin ƙasa a ɗora wa na ruwa zuwa Yuganda da Tanzaniya. Har yau tashar tana aiki.

Abin lura na farko: garin ba a bakin babban tafkin yake ba. Yana can ƙuryar wani dogon lungu na tafkin da ake kira Winam. Wannan lungun ba shi da zurfi sosai, kuma ta wata siririyar mashiga yake haɗuwa da babban tafkin. Koguna irin su Nyando da Sondu suna zuba a cikinsa, ɗauke da laka da takin gonaki da dattin gari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

2. YADDA YANAYIN GARIN YAKE

Kisumu tana dab da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu. Da jin haka za ka ce zafi ne zai yi yawa. To amma garin yana kan tudu, sama da mita 1,100 bisa teku, shi ya sa zafin rana yakan tsaya tsakanin digiri 28 zuwa 31, da dare kuma ya sauka zuwa 16 ko 18. Babu zafin bazara irin namu mai haura 40, babu kuma hunturu.

Damina biyu suke yi a shekara. Babba daga Maris zuwa Mayu, Afrilu ne tsakiyarta, inda ruwan wata ɗaya ke iya wuce milimita 200. Ƙarama kuma daga Oktoba zuwa Disamba. A tsakaninsu ma ruwa ba ya ɗaukewa ɗungurungum. Jimillar shekara takan kai kusan milimita 1,400. Ku kwatanta da Kano, inda a matsakaici ruwan shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, Agusta ya kwashi kaso mafi tsoka.

Akwai wani abu da tudun nan ke jawowa wanda mai kifi ya kamata ya sani. Duk inda ƙasa ta yi tudu, iska takan yi sauƙi, ruwa kuma ba ya iya riƙe oksijin da yawa. A tsayin Kisumu, ruwa na riƙe ƙasa da abin da zai riƙe a bakin teku da kusan kashi 12 cikin 100. Kun ga ke nan tun kafin a je ko'ina mai kejin can ya fara da giɓi.

3. TAFKIN DA KE HAƊA HADARINSA DA KANSA

Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, tana saurin hucewa. Ruwa kuwa a hankali yake ɗauka, a hankali yake saki. Wannan bambancin shi ke juya yanayin garin kullum.

Da rana ƙasa ta fi tafki zafi. Iskar da ke kan ƙasa sai ta yi sama, mai sanyi da laima ta taso daga tafki ta maye gurbinta. Iskar nan tana hawa tuddan Nandi da Kericho da ke gabas da garin, sai gajimare ya taru, da la'asar hadari ya haɗo, ya gangaro da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Shi ya sa ruwan Kisumu ya fi zuwa da yamma zuwa farkon dare.

Da dare sai lissafi ya juya. Ƙasa ta huce, tafki yana nan da ɗuminsa. Iska sai ta riƙa kwararowa daga kowace gaɓa zuwa tsakiyar ruwa, ta haɗu ta yi sama, ta tayar da hadari mai ƙarfi a kan tafkin tsakanin tsakar dare da hantsi. Wannan hadarin na dare shi ne babban abin tsoron masunta, domin a lokacin suke kan ruwa da ƙananan kwale-kwale. Ruwan da ke zuba kai tsaye a kan tafkin ma shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na duk abin da ke shiga cikinsa, koguna su kawo ragowar.

Darasi a nan shi ne, yanayi yana da lokaci, yana kuma da hanyar da yake bi. Mai kiwo a Kisumu ya san da hantsi ake ba kifi babban abinci, ya san kafin la'asar ya kamata a sauke labulen ɗakin kaji a kwashe shanya. Kai fa? Ka san ta wace kusurwa hadari ke zuwar wa gidanka, kuma da wane lokaci?

4. RANAR DA RUWA YA JUYA

A ƙarshen shekarar 2022 masu kiwon karfasa a keji a gaɓar Kisumu sun wayi gari sun tarar da kifi birjik a saman ruwa, matattu. An yi asarar ɗaruruwan miliyoyin shilin na Kenya, kuma da yawa daga cikin masu kejin ƙananan masu jari ne da suka haɗa kuɗi a ƙungiya ko suka ci bashi. Cibiyar binciken kifi ta ƙasar, wadda ke da reshe a Kisumu, ta danganta abin da ƙarancin oksijin sakamakon tasowar ruwan ƙasa zuwa sama. Mu kira shi juyin ruwa.

Ga yadda yake faruwa. Idan rana ta daɗe tana dukan ruwan da ba ya gudu, sai ya rabu hawa biyu. Na sama mai ɗumi ne, mara nauyi, yana samun oksijin daga iska da kuma gansakuka. Na ƙasa mai sanyi ne, mai nauyi, rana ba ta kai masa. Duk ragowar abinci da kashin kifi da mataccen ganye can suke sauka su ruɓe, ruɓar kuma tana cinye oksijin ɗin ƙasan har ya ƙare, ta bar guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muddin hawa biyun nan ba su cuɗanya ba, kifin da ke sama lafiya lau yake.

To ranar da ruwan sama mai sanyi ya zubo da ƙarfi, ko iska ta kaɗa da ƙarfi, saman ruwan sai ya yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasan ya taso. Cikin sa'o'i kaɗan oksijin ɗin ruwan gaba ɗaya ya faɗi. Kifin da ke sake a tafki zai gudu ya nemi wuri mai kyau. Na cikin keji ina zai je?

Yanzu ku tuna lungun Winam da muka ce ba shi da zurfi kuma datti na taruwa a cikinsa. Takin da koguna ke kawowa yana sa gansakuka ta yi yawa, haka ma wata ciyawa mai shawagi kamar kainuwa, mai shuɗin fure, wadda ta taɓa toshe tashar Kisumu a ƙarshen shekarun 1990. Duk lokacin da suka mutu, ƙasa suke yi su ƙara ruɓa. Idan aka jibge keji da yawa a wuri mara zurfi irin wannan, an gama haɗa wa kai tarko. Shi ya sa masana ke cewa a kai keji inda zurfin ruwa ya ninka zurfin kejin aƙalla sau biyu, kuma ruwa na motsi.

Kada ka ce ai ni ba ni da keji. Ramin kifinka ƙaramin tafki ne, kuma abin da ke faruwa a can yana faruwa a cikinsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

5. LISSAFIN OKSIJIN DA YA KAMATA KA HADDACE

- Karfasa na girma yadda ya kamata idan oksijin ya kai miligiram 5 a kowace lita. In ya sauka ƙasa da 3 sai cin abinci ya ragu. In ya daɗe a ƙasa da 1, mutuwa ce.
- Ruwan ɗumi bai kai na sanyi riƙe oksijin ba. A digiri 20 lita na riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5.
- Gansakuka na samar da oksijin ne idan da rana. Da dare ita ma shaƙa take yi. Don haka da asuba ne oksijin ya fi ƙaranci.
- Idan aka jera kwana biyu ko uku ana lumshi babu rana, kamar lokacin marka, oksijin ɗin da ake samu da rana ba ya isa a kai safiya.
- Kifin da ya ƙoshi ya fi mai yunwa buƙatar oksijin, saboda narkar da abinci.

Masu tarwaɗa za su ce tasu ai tana shaƙar iska a sama. Gaskiya ne, tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar haka, shi ya sa ta fi karfasa juriya. Amma ƙananan 'ya'yanta wannan gaɓar ba ta gama ƙosawa ba, su ne ke fara mutuwa. Manyan ma in ruwa ya lalace ba sa cin abinci, fatarsu ta fara gyambo, ka yi ta zuba kuɗi babu girma.

Alamomin da za ka duba da sassafe bayan an yi ruwa:

- Kifi sun taru a sama suna buɗe baki, ko sun yi cincirindo inda sabon ruwa ke shigowa.
- Launin ruwa ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi.
- Wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.
- Ka watsa abinci kaɗan, babu mai kula shi.

Abin da za ka yi nan take:

- Dakatar da abinci. Kifi zai yi kwana biyu bai ci ba, babu abin da zai same shi.
- Fitar da wani kaso na ruwan, kamar kashi ɗaya cikin uku, ta ƙasa in da hali, ka zuba sabo a hankali.
- In kana da injin hura iska ka kunna. In babu, ka ja ruwan saman ramin da famfo ka riƙa fesa shi sama yana dawowa. Kada ka dama lakar ƙasa.
- Kwashe duk wanda ya mutu da wuri.

Rigakafin kuwa tun kafin damina ake yin sa. Rage cunkoso, ka sayar da manyan da suka isa kasuwa. Kwashe laka bayan kowane girbi. Gwada kaurin gansakuka da hannunka: tsoma shi zuwa gwiwar hannu, in kana hango tafinka dishi-dishi to daidai ne, in kuwa ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu sosai ba, koren ya yi yawa, sai a sauya ruwa a rage abinci. Idan hadari ya haɗo, kada ka ba da abinci, bari sai an ɗauke an ga rana.

Sai batun tsami. Ruwan sama yana da ɗan tsami, ma'auninsa wajen 5.6, kifi kuwa ya fi son tsakanin 6.5 zuwa 9. A babban rami ba a cika jin tasirinsa ba. Amma a tankin tamfol ko na kankare mai ruwa kaɗan, ruwan dare ɗaya na iya sauya tsami da ɗumi lokaci guda, ya gigita ƙananan kifi. Ka yi wa tankin 'ya'yan kifi rumfa. Kada ka bari ruwan indararo ya zuba ciki, musamman ruwan farko da ke wanko ƙurar rani. Masu ramin ƙasa kan yi amfani da farar ƙasa irin ta noma don kashe tsami. Ban da irin wadda ake shafen bango da ita, wannan ƙona kifi take yi.

6. IDAN TAFKI YA DAWO GIDANSA

A ƙarshen 2019 an yi ruwa fiye da ƙima a gabashin Afirka, aka zarce da shi har cikin 2020. A watan Mayun 2020 ma'aunin tafkin da ke Jinja a Yuganda ya nuna mita 13.42, ya haura mita 13.41 da aka gani a 1964. Gidaje da gonaki da wuraren sauke kifi da ke gaɓa suka nutse. A gabas da Kisumu akwai wani shimfiɗaɗɗen fili na noman shinkafa da su ma suke kira Kano, suna ne kawai ya zo ɗaya da namu. Kogin Nyando ya saba yin ambaliya a wannan fili, musamman wajen garin Ahero, a wannan shekarar kuma ga kogi ta baya ga tafki ta gaba. Dubban mutane suka bar gidajensu.

Abin da ya ƙara wa asarar yawa shi ne, a shekarun da tafkin ya ja baya, kamar wajen 2006, mutane sun bi shi sun yi gini da noma a inda ruwa ya taɓa kwana. Shekara 56 tsakanin 1964 da 2020, yawancin waɗanda suka ga na farkon sun tsufa ko sun rasu. Ruwa dai bai manta hanyarsa ba. Mu ma mun ga irin wannan a Jigawa a 2022, da Maiduguri a Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle.

Saboda haka kafin ka sayi fili ko ka haƙa rami:

- Nemi dattawan unguwa ka tambaye su inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi kowace ambaliya. Kada ka tsaya kan bara da bana.
- Je ka ga filin a cikin Agusta, ana tsaka da ruwa. Filin da aka nuna maka a Fabrairu ba ya faɗin gaskiya.
- Ganuwar rami ta ɗara saman ruwa da santimita 30 zuwa 50, a daddaɓe ta, a dasa mata ciyawa.
- Sa bututun fitar da rarar ruwa, ka ɗaure bakinsa da raga.
- Haƙa lambatu a kewaye don ruwan gona da na kwata su wuce ta gefe. Su ne ke kawo laka da maganin feshi.
- Kewaye ramin tarwaɗa da raga. Daren da ake ruwa tarwaɗa na iya fita ta ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi tafiyarta.

7. ƊAKIN KAJI A GARIN DA BA YA BUSHEWA

A wuri irin Kisumu, babban abokin gabar mai kaji shi ne laima. Shimfiɗa, ko ta ɗiɗɗigar katako ce ko ta buntun shinkafa, aikinta ta shanye danshin kashi iska ta busar. In iskar kanta jiƙe take, shimfiɗa ba ta bushewa, daga nan matsala uku ke tasowa.

Ta farko amoniya, warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Ana so kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan, amma ba sai ka sayi na'ura ba. Tsuguna ka kai fuskarka daidai tsayin kaza. In idonka ya yi yaji, to kajin sun daɗe suna shan wahala. Amoniya tana ƙona hanyar numfashi, ta buɗe wa mura da tari ƙofa.

Ta biyu zawon jini, wato koksidiyosis. Ƙwan ƙwayar cutar yana fita a kashin kaza, amma ba ya iya kama wata kazar sai ya samu ɗumi da danshi na kwana ɗaya zuwa biyu. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce gonarsa. Ya fi kama kaji daga sati 3 zuwa 6. Da ka ga jini a kashi, ko sun takure fukafukai sun zubo, nemi malamin dabbobi da wuri. Amma ka sani, in ka ba da magani ka bar shimfiɗar yadda take, cutar dawowa za ta yi.

Ta uku gyambon tafin ƙafa da na ƙirji, wanda ke karya farashin buroila a kasuwa.

Gwajin shimfiɗa mai sauƙi ne. Damƙi cikin hannu ka matse, sannan ka buɗe. In ta wargaje, lafiya. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, a kwashe wurin a zuba busasshiya. Fara dubawa daga gindin mazubin ruwa.

Wajen gini kuma:

- Daɓen ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla taku ɗaya.
- Bakin kwano ya zarce bango da kusan mita 1, don feshi.
- Tsawon ɗaki ya miƙe daga gabas zuwa yamma, bangon gabas da na yamma su zama a toshe, kudu da arewa a sa raga. Wannan na kare rana, kuma a ƙasar Hausa da hadari ya fi tasowa daga gabas, ya tare maka shi ma.
- Labulen buhu ko na leda a sauke shi ta ɓangaren da ruwa ke bugowa kaɗai, a bar tazara ta sama. Da an ɗauke ruwa a naɗe. Mutane da yawa kan rufe ɗaki ruf don tsoron sanyi, sai amoniya ta yi musu ɓarnar da sanyin bai yi ba.

'Yan tsaki kuwa a satin farko suna buƙatar ɗumi digiri 32 zuwa 35, ana rage kusan digiri 3 kowane sati. Daren da aka yi ruwa da iska zafi kan faɗi farat ɗaya, su taru a lungu su danne juna. Ka tanadi gawayi busasshe a ɗaki, domin daren hadari ne aka fi ɗauke wuta. In ka kunna gawayi, bar kafar da hayaƙi zai fita.

8. ABINCIN DA YA SHA LAIMA

A Tafkin Biktoriya akwai wani ɗan mitsitsin kifi da mutanen Kisumu ke kira omena. Da dare ake kama shi da fitila, a shanya a rana, mutane su ci, a kuma niƙa shi a abincin kaji da na kifi. Da damina rana ba ta isa, shanya ta yi ta jiƙewa, wani ya ruɓe, wani a tura shi kasuwa da sauran danshi. Mai haɗa abinci da bai duba ba shi zai kwasa.

Haka masara da ƙuli-ƙuli da waken suya suke. In suka sha laima sai funfuna ta kama su, wata funfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, ta rage ƙwai, ta hana girma, ta sa allurar rigakafi ta ƙi aiki yadda ya kamata. A shekarar 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya ta wannan hanyar. Abin da ya kashe mutum, ina ga ɗan tsako?

- Ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.
- Da damina sayi abin da zai ƙare cikin sati 2 zuwa 3.
- Wanda ya fara shigowa sito shi zai fara fita.
- Buhun da ya dunƙule, ko ya yi ɗumi a ciki, ko yake warin gumi, a zubar. Kada a ce bari a ba kifi tunda kaji sun ƙi.

9. AIKIN GIDA

Hukumar yanayi ta Kenya tana fitar da hasashe kafin kowace damina. A Najeriya ma NiMet na fitar da nata a farkon shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa jiha-jiha. Ku riƙa nema kuna saurare. Amma hasashen jiha ba zai gaya maka abin da ke faruwa a bayan gidanka ba, wannan kai za ka rubuta da hannunka.

Samu littafi na musamman. Duk ranar da aka yi ruwa rubuta abu biyar: ƙarfe nawa ya fara, ta ina ya zo, ina ruwa ya kwanta a filinka, yaya kifi suka karɓi abinci washegari, kaza nawa ta mutu ko ƙwai nawa aka tsinta. Sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na ɗakin 'yan tsaki, kuɗinsu bai kai na buhun abinci ɗaya ba. Damina ɗaya in ka yi haka, za ka san watan da ya kamata ka zuba 'ya'yan kifi, da watan da ya kamata a ce ka rage kaya kafin marka ta kankama.

Wanda kuma bai fara ba, yana ta tara jari, to wannan daminar kada ta wuce shi a banza. Ya je filin da yake so ya gina, ya tsaya ya ga inda ruwa ke bi, sannan ya kira magini.

Darasi na gaba za mu yi shi ne kan yadda ake lissafin yawan kifin da ya dace da girman rami ko tanki. Mu kwana nan.